Sikeli ya lalace, amma an rubuta wa ɗana kilo 8.5

Ranar Talata tun ƙarfe bakwai ina kan benci a asibitin unguwarmu, goye da ɗana mai wata tara, na kai shi allurar ƙyanda. Zaman layi da zafin kwano duk mun saba, ban zo yin maganarsu ba.

Yaron nan ya daɗe yana damuna. Da kilo 3.1 aka haife shi, kuma ko a nan asibitin an sha faɗa mana cewa nauyin jariri yana ninkawa wajen wata biyar, ya ninka uku in ya shekara. Nawa kuwa har yau sai an tokare shi da matashi yake zama. Zaren da kakarsa ta ɗaura masa a hannu yana wata biyar, yanzu sulluɓewa yake yi.

Sai bayan azahar layi ya zo kaina. Malamar ta yi masa allura, ta ja katin, ta rubuta 8.5 a gurbin nauyi. Hannunta bai taɓa yaron ba sai cinyar da ta soka.

Na ce, "Sista, ba a ɗora shi a sikeli ba."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ya lalace."

Na waiga. Ga sikelin can rataye a ƙusa, wandon da ake zura yaro a ciki ya yi futu-futu da ƙura. Na ce, "To wannan lambar daga ina ta fito?"

Nan ta ajiye biro, ta kalle ni tun daga sama har ƙasa. "Hajiya, na fi shekara goma ina aikin nan. Da ido nake gane nauyin yaro."

Na haɗiye, na ƙara sassauta murya. "Don Allah ko tef ɗin damtse ki zagaya masa. Gani nake yana ramewa."

Tef ɗin nan mai kore da ɗorawa da ja yana kan teburinta, ta danne shi da kofin shayi. Ko minti ɗaya awon ba ya ci. Sai ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji: "Au, ashe likita muka samu yau! Tunda kin iya, me ya kawo ki? Ku haifo su reras, ku ɗura musu koko tsura, sannan ku zo ku ɗora mana laifi. Ta gaba!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Wata dattijuwa ta ja mayafina ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, tafi kawai, gobe ma wajenta za ki dawo." Wallahi maganar dattijuwar ta fi ta malamar ƙona min rai, don gaskiya ta faɗa.

Daga nan na hau a-daidaita zuwa asibitin kuɗi, na biya aka auna shi. Kilo 6.6. Damtsensa santimita 11.9, cikin ɗorawa, alhali ƙasa da 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Kusan kilo biyu aka ƙara masa da biro. Likitan ya buɗe shafin da ake ɗiga nauyi a ja layi a ga ko yaro yana hawa ko ya tsaya. Mun je asibitin unguwarmu a sati 6, sati 10 da sati 14, amma babu ɗigo ko ɗaya.

Haka aka yi min a kan yayarsa. Awa shida da haihuwa aka sallame mu, da na koma idonta ya yi ɗorawa aka ce in riƙa shanya ta a hantsi. Sai a kwana na biyar muka ƙare a babban asibiti, ƙarƙashin fitilar shawara.

Na san malamar nan ita kaɗai ce a kan mata fiye da sittin. Hakan bai ba ta lasisin zagina ba, amma wa ya bar ta ita kaɗai da mataccen sikeli? A Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, Najeriya mai masaukin baƙi har yau ba ta cika ba. A 2014 aka yi dokar lafiya da ta ware asusu domin ƙananan asibitoci irin namu. Ina kuɗin yake maƙalewa da har sikeli ya gagara? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yaran arewa maso yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Masu mulki suna ta sayen motoci, sai yaro ya kumbura ƙafa a kwashe shi zuwa tantin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, baƙi su yi mana jinyar abin da tef ɗin roba zai kama tun da wuri.

Kuma 8.5 ɗin nan a rajista za ta shiga, a tattara a kai ƙaramar hukuma, a ce yaran unguwarmu ƙalau suke. Mu ma a gida muna taya su: haƙori ne, ƙaramin jiki ya gado, ki daina sa masa ido.

Na soke lambarta da biro, na rubuta 6.6 a gefe da kwanan wata. Talata mai zuwa zan koma da katin, in ajiye shi a gaban shugaban asibitin, in ji wa zai ce min likita.