Kafin a rufe ramin kwal, a tambayi mutanen Jos

Jama'a, duk lokacin da aka yi taro a Abuja kan barin kwal a koma hasken rana, hayaƙi da ɗumamar yanayi ake ta ambato. Ba na jin an tuna da mai facin tayar tifa a bakin mahaƙa, ko matar da ke toya wa leburori ƙosai tun asuba. Ni ina goyon bayan a bar kwal, domin hayaƙinsa na cin huhu, ruwan mahaƙarsa na kashe gona. Yadda za a bar shi ne ke damuna.

Mu a Jos ba labari aka ba mu ba. Kuza ce ta gina garin nan, ita ta jawo kakanninmu daga Kano da Bauchi da Borno, saboda ita aka kawo jirgin ƙasa da lantarkin Kurra Falls. Harkar ta daɗe tana ja da baya, sai kuma farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Ku leƙa Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi ku ga abin da aka bar mana: kududdufai masu zurfi, ruwa kore shar, jar ƙasa a tsibe wadda ko ciyawa ba ta son ta. Yara da dabbobi na faɗawa ciki. Jikokin waɗancan leburori ne yau ke sauka cikin ramin loto, wato ramin kuza mai kama da rijiya da ake haƙa da hannu, da igiya da tocila a goshi, rami ya rufta da su a ce ƙaddara.

Inugu ma haka. An gano kwal a yankin Udi a 1909, garin ya tashi a kansa. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a mahaƙar kwal ta Iva Valley saboda sun nemi haƙƙinsu. Da jiragen ƙasa suka koma dizal, man fetur kuma ya samu, aka juya wa mahaƙan baya.

Jamus da ta sa 2038 a matsayin wa'adin barin kwal, sai da ta ware Yuro biliyan 40 don yankunan da ke ci da shi. Afirka ta Kudu an yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 a 2021 don ta bar kwal, amma da aka kashe tashar lantarki ta Komati mai aiki da kwal a 2022 mutanen garin sun koka da rashin aiki.

Mu fa? Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa daga iska. To, har yanzu ana haƙar kwal a Maiganga ta Gombe da Okaba ta Kogi, mutanen da suka ba da gonakinsu suna nan da ransu. Tun yanzu da tifofi ke fita da kaya ya kamata doka ta tilasta a riƙa cire wani kaso daga kuɗin kwal ɗin kowace mota, a tara don cike ramuka, da haƙa rijiyar burtsatse, da koya wa matasan wurin haɗa sola da gyaran batir. In aka bari sai kamfani ya kulle ƙofa, wallahi babu wanda za a kama. 'Yan majalisar Gombe da Kogi da Filato, ku ne ya dace ku kai wannan ƙudiri.