Ɗaliban jami'a, ku tsallako gada ku yi wa yara wasa

Kwanakin baya na ɗauki 'yata mai shekara bakwai muka je kallon teyatur da wasu ɗalibai suka shirya a nan Yamai. An ce ƙarfe biyar, ba a fara ba sai bayan isha'i. Wasan da Faransanci ne, a kan cin hanci, kuma gaskiya 'yan wasan sun iya. Amma ba a yi minti goma ba yarinya ta ja mini hannun riga: "Baba, me ya sa mutumin can yake ta faɗa shi kaɗai?" Na ce mata abin da ke ransa yake faɗi. Ta yi shiru, can ta ce, "To yaushe za a fara wasan?" Kafin a kai rabi ta yi barci a cinyata.

Ban ga laifin ɗaliban ba, ai ba don ita suka shirya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu mai shirya mata. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, amma yaron Yamai in ka cire zuwa gidan tarihi na Boubou Hama ranar sallah ya ga zaki da kura, sauran nishaɗinsa tele ne da salular uwarsa.

Shawarata ga ƙungiyoyin wasan ɗalibai, na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, ita ce su ware wasa ɗaya a shekara na yara da iyayensu, da Hausa da Zabarmanci, bayan la'asar. Kuma su fito da shi waje. Jami'ar Yamai tana Harobanda, hayin kogi. Uwa mai 'ya'ya huɗu a Bukoki ko Talaje ba za ta biya taksi biyu zuwa, biyu dawowa, don kallon wasa ba. Ɗalibi goma su tsallako gadar Kennedy da ganga ɗaya da buhun kayan wasa ya fi sauƙi, ko zuwa cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ko filin wata lakwal ranar Asabar.

Na san abin da wasu za su ce. A bakinmu "wasan yara" kalmar raini ce, kuma wanda ya kwana yana karatun manyan marubuta ba zai so a gan shi yana tafiyar Gizo ba. To a tuna da mai shirya fim Moustapha Alassane. Yana yaro ya fara da wasan inuwa, fitila a bayan ƙyalle. Ya yi shekaru yana jagorantar sashen silima a jami'ar Yamai, daga baya ya zauna a Tahoua, yana haɗa 'yan tsana da hannunsa, har ya sa kwaɗi suka yi kokawa a fim. Ya rasu a 2015, kuma a 2024 sunansa aka sa wa cibiyar al'adun da a da ake kira Jean Rouch. Da kwaɗi a fim ya yi wa masu mulki shaguɓen da mai kwat da taye ba zai iya faɗi a fili ba.

Riba ma ta ɗaliban ce kafin ta yaran. Babba yana tafa maka don kunya, abokin ajinka yana tafa maka don zumunci. Yaro kuwa in ya gaji sai ya miƙe ya ce fitsari yake ji. Wanda ya iya riƙe yara ɗari biyu minti arba'in a kan tabarma, ba lasifika, ya koyi sana'ar. Ga ɗaliban makarantar horon malamai ta jami'a, waɗanda gobe za su tsaya gaban aji cike maƙil, ban san darasin da ya fi wannan ba. Kuma kada a ɗauka yaranmu baƙi ne a harkar. Duk azumi suna fita tashe, Zabarmawa na ce masa tobai-tobai: gemun auduga, tsumma a ciki ya zama tumbi, gwangwani ya zama ganga, su bi gida-gida suna kwaikwayon manya. Ɗan kallon da shi ma ɗan wasa ne ba a yi masa algus.

Inda nake jin tsoro shi ne faɗakarwa. Mun saba da wasan da mai ba da kuɗi yake zaɓa wa jigo: a wanke hannu, a kwana cikin gidan sauro, a ƙarshe wani ya fito gaba ya karanto darasi. Saƙon mai kyau ne, amma yaro yana jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa. Gizo ɓarawo ne, maƙaryaci, mai haɗama, ko Ƙoƙi ba ta tsira daga sharrinsa ba, amma kakanninmu da shi suka yi mana tarbiyya, don sun bar mu mun ga yadda wayonsa yake kayar da shi. Zamanin da ɗan wasan kwaikwayo Yazi Dogo da abokansa suke tara gida guda gaban tele, dariya ce take fara shiga, hankali ya biyo baya. Shi ma malamin makaranta ne.

Akwai iyayen da za su ce ba sa son rawa da cakuɗa, kuma damuwarsu abin saurare ce. Shi ya sa na ce da rana, a fili, uwaye na zaune a gefe, a tashi kafin kiran magariba. Wannan ma ya rage tsada, ba fitila, ba jiran kuran. In an karɓi dala ashirin a kan kowane yaro, kuɗin motar 'yan wasa ya fita.

Saura labarin da za a yi. Dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma rubutaccen wasan yara da Hausa sai an tona. Kowane ɗalibi yana da kaka ko gwaggo a Dogonduci, Konni ko Illela da ke da tatsuniya ashirin a ka. In ya je hutu ya ajiye mata salula ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", ya dawo da abin da za a yi shekara ana aiki a kai.