Masu cewa ina ruwan Bakano da tafkin ƙanƙara

Wallahi abin da aka yi wa malamin nan jiya ya ƙona min rai. Bawan Allah ya ɗora bidiyon tafki a daskare, an huda ƙanƙarar, an ƙyasta ashana, wuta ta tashi. Sai ga jama'a sun yi masa ca: wai haɗin kwamfuta ne, wai ina ruwan Bakano da tafkin Turawa. Har da masu digiri a ciki!

Da ruwanmu mana. Abin da ya kama wutar iskar gas ce da ake kira metan. Ganyaye da saiwoyi ne da suka shekara dubbai a daskare cikin ƙasar Saibiriya ta Rasha da Alaska ta Amurka. Yanzu ƙasar tana narkewa, suna ruɓewa a ƙasan tafkuna, gas ɗin yana fitowa. Kuma metan yana riƙe zafin rana a sama sosai. Zafin nan ba a Rasha yake tsayawa ba. Duk wanda ya kwana a tsakar gida a watan Afrilu, babu wuta, zufa ta jiƙa tabarma, da ruwansa.

Ku duba tafkin Baikal na Saibiriya kaɗai. Zurfinsa mita 1,642, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa yana cikinsa. Koguna fiye da 300 ke zuba masa, ɗaya tak, Angara, ke fita. Daga Janairu zuwa Mayu samansa a daskare yake, idan ƙanƙarar ta yi kauri har mota na bi ta kansa, amma kifi na nan a ƙasa lafiya lau, don ƙanƙara a sama take tsayawa kamar murfin randa. Ikon Allah ke nan, kuma a ce kada mu sani?

Wani ya ce mu da muke fama da tsadar shinkafa. To shinkafar Kura da me ake nomanta? Da ruwan Tiga! Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ku tambayi masuntan Baga inda ruwan ya koma.

Ni abin da ma ya fi damuna kududdufan cikin birni ne. Ana cike su da shara, a yanka filaye, a ɗora shaguna. Ruwan Agusta ya zo ya rasa wajen zama, ya shiga ɗakunan mutane, katangun ƙasa su zube. A unguwarmu saura guda ɗaya, shi ma na ga an fara sauke masa tifar yashi.