Idan Ɗan Wasa Ya Faɗi A Fili

Assalamu alaikum. Maganata yau da ku ce, ƙannena masu buga ƙwallo a filin firamare da filin Idi, da ku masu shirya gasar cin kofin unguwa. Kuna haɗa kuɗi ku ɗinka riguna, ku sayi ƙwallo, ku sallami alƙalin wasa, ranar wasan ƙarshe har da hayar lasifika. Amma a ƙungiya guda da wuya a samu mutum ɗaya da ya san abin da zai yi idan abokinsa ya yanke jiki ya faɗi.

Abin da muka saba kowa ya sani. A yi caa a kansa, wannan ya sheƙa masa ruwa, wancan ya yi masa fifita da riga, wani ya ɗago shi yana jijjigawa: "Tashi mana, kai fa namiji ne!" Can kuma wani na neman cokali wai kada ya haɗiye harshensa. Duk ƙauna ce ta kawo haka, amma rabin abin da ake yi ƙara masa ciwo yake yi. Harshe ba ya haɗiyuwa. Cusa yatsa ko cokali a baki ɓata lokaci ne, ruwan da aka ɗura wa sumamme kuwa huhunsa zai iya wucewa.

Faɗuwar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda babu wanda ya taɓa mutum. Haka Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, Najeriya na karawa da Angola, bai tashi ba. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Lyon a 2003. Dukansu ba su kai shekara talatin ba, kuma zuciya ce. Christian Eriksen na Denmark shi ma haka ya faɗi a watan Yunin 2021 a wasansu da Finland, amma nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma taka leda. Rai a hannun Allah yake, amma sababi an ce mu riƙe shi.

To ga sababin. Ka durƙusa, ka dafa kafaɗarsa, ka kira sunansa da ƙarfi. Bai amsa ba, ka dubi ƙirjinsa. In ba ya numfashi, ko yana wani jan numfashi jefi-jefi mai kama da gargara, ka ɗauka zuciya ta tsaya. Wani har fizge-fizge yake yi a ce farfaɗiya ce ko iska, kada wannan ya ruɗe ka. Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya lotsa kamar santimita 5. Sau 100 zuwa 120 a minti guda, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. In ka gaji wani ya karɓe ka ba tare da an dakata ba. Ko ka ji haƙarƙari ya yi ƙara, ci gaba. Ƙashi yana warkewa, ƙwaƙwalwa kuwa in ta yi 'yan mintuna ba jini ta fara lalacewa ke nan. Kada ka ce "a kira mota", don kowa zai zaci wani ya kira. Nuna mutum ɗaya, ka kama sunansa, ka ce shi ya kira lambar agajin gaggawa ta 112 ko ya kawo mota.

In kuwa yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Sai dai in ta ka ya faɗo, ko yana kukan wuya, ko ya ce hannu da ƙafa sun mutu: wannan a riƙe kansa yadda yake, kada a yi masa ɗaukar buhu, ɗaya a hannu ɗaya a ƙafa.

Karon kai shi ne wanda kociyoyinmu suka fi rainawa. Biyu sun tashi sama sun yi gware, ɗaya ya miƙe yana tangaɗi, ana tambayarsa ci nawa ne bai sani ba, sai a wanke masa fuska a ce ya koma don saura minti goma. Kyaftin, wannan nauyinka ne: ya gama wasa yau, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Kuma a gaya wa mutanen gidansu. In ya fara amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci mai nauyi na ɗibarsa, asibiti a daren nan, ba gobe ba.

Targaɗe kuma, kowa ya zama gwani. A kama ƙafa a ja, a murza da man zafi, a gasa da ruwan zafi, gari na wayewa ta kumbura suntum. Jini ne ke tsiyaya a ciki, zafi da murza kuma ƙara shi suke yi. A kwana biyun farko sanyi ake so: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ko ruwan leda mai sanyi, minti 15 zuwa 20, a huta, a maimaita bayan awa biyu ko uku. A naɗa bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar a kan matashi. In ya kasa taka ta ko kaɗan, ko siffarta ta canza, to ka zargi karaya. Kada a ja, kada a miƙar. A tallafe ta da katako ko kwali mai kauri yadda aka same ta, a je a ɗauki hoto. Ba na raina masu ɗori, amma ɗaurin da ya yi tsanani yana hana jini gudu, kuma ta nan ake rasa ƙafa. In yatsu suka yi sanyi ko suka fara baƙi, a kwance nan take a nufi asibiti.

Rauni mai jini a danne da tsumma mai tsabta, a wanke da ruwa mai kyau. Ban da barbaɗa ƙasa, ban da fetur. Filayenmu dabbobi na kiwo a ciki, ƙwayar cutar tetanus kuma a irin wannan ƙasar take, don haka a yi allurarta. Mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba, ya matse hanci minti goma, ba ya ɗaga kai sama yana haɗiyar jini ba.

Kafin gasar bana, ku cire kuɗin bandeji da auduga da safar hannu da kular ƙanƙara daga asusun ƙungiya. Ku tura mutum biyu su koyi danna ƙirji wurin Red Cross ko wani ma'aikacin lafiya na unguwarku, don karantawa daban, gwadawa da hannu daban. Kuma kafin a busa usur, a san asibitin da ya fi kusa da wanda zai tsaya da mota ko adaidaita sahu a bakin fili.