Waya tana karanta maka, amma ba ta jin naka

Jiya bayan Isha'i wani ƙanena ya turo min tambaya, wai ya sauke manhajar Alƙur'ani a waya, yana so ya fara hadda shi kaɗai ba malami, ko akwai laifi? Na ce bari in amsa a nan kowa ya gani, don wannan hanya da ƙafata na bi ta, ba labari aka ba ni ba.

Ɗinki nake yi a Tudun Wada. Wanda ya san rayuwar tela ya san ba shi da lokacin kansa, balle a ce sallah ta matso. Don haka na yi wa kaina tsari: 'yan layuka kullum bayan Asuba daga mus'hafin bugun Madina, mai shafi 604 da layi 15 ɗin nan, sannan in wuni da abin sauraro a kunne ina taka keke, makarancin nan Shehu Husari yana maimaita min. A shekara uku na kai daga Baƙara har ƙarshen A'arafi, izu goma sha bakwai da ɗoriya. Ba zan ɓoye ba, har na fara jin kaina.

Sai wani azumi limamin masallacin layinmu ya yi tafiya, aka tura ni gaba in ja asham. Ina cikin Baƙara, aya ta 58, inda aka ce a shiga ƙofa da sujada sannan a ce hiɗɗatun, ban san sanda na tsallaka A'arafi aya ta 161 ba, inda aka fara da hiɗɗatun kafin shiga ƙofa. Na miƙe abina a cikin wata sura daban, da daɗin murya kuwa. Wani yaro a sahu na biyu, ban jin ya wuce shekara sha biyu, shi ya dawo da ni. Zufar da na yi daren nan ba ta zafin gari ba ce.

Da aka sallame, wani dattijo alaramma da ke sayar da turare a bakin masallacin ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, gobe da hantsi zo ka biya min shafi ɗaya." Na ce to, Allah gafarta Malam. A zuciyata ina cewa shafi ɗaya me zai ɗauka.

Shafin farko na Baƙara muka ɗauka, wanda nake ganin ko cikin barci zan kawo shi. Bai bar ni na yi nisa ba. Ya ce, "Da ruwayar wa kake karatu?" Na ce Hafsu. Ya ce to me ya sa ka ce yuuminuna, ina hamzar ta tafi? Ashe Warshun da na yi a makarantar allo ina yaro yana kwance a harshena, na ɗora Hafsun Husari a kai, ina dama su wuri guda kamar fura da nono. Kowace ruwaya daidai ce a kan kanta, cakuɗawa cikin rashin sani ne abin gudu. Ga zalun da zayun duk ɗaya nake furta su, ga ladin nan da muka taso muna mayarwa lam, walal laalina. Muka matsa gaba ya tsinto wani wasali da na yi shekara uku ina juya shi, na maimaita shi ya fi sau ɗari, kuma Husari yana faɗinsa daidai a kunnena kullum. Kunnena abin da bakina ya saba yake ji.

Wannan shi ne abin da masu cewa intanet ta wadatar ba sa son ji. Mutum zai iya cusa haddar da kansa, na yarda, ai ko a tsangaya ba malam ne ke zuba wa almajiri a ka ba, shi ke kwana gaban allonsa. Amma ba ya wanke allon sai ya biya an saurara. Kuskuren da aka haddace ya fi aya sabuwa wuyar sha'ani. Wasalin nan guda sai da na yi wata biyu ina kokawa da shi, har yau in na yi sauri yana leƙowa.

Akwai ma abin da sauraro ba zai taɓa ba ka ba. A suratu Yusuf aya ta 11, wurin la ta'amanna, akwai ishmami: tattara leɓɓa ne kamar za ka yi rufu'a, ba tare da sauti ya fita ba. Da ido ake ganinsa a bakin malami. To wace waya ce za ta duba leɓɓanka ta ce ba ka yi ba? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa Mala'ika Jibrilu ke zuwa su yi darasun Alƙur'ani kowane Ramadan, a shekarar da zai yi wafati sau biyu suka yi. Shi da aka saukar wa ke nan.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a Kaduna rashin malami ba hujja ba ne. Daga Rigasa zuwa Kawo, daga Unguwar Sanusi zuwa Badarawa, da wuya ka shige layi uku ba ka wuce mahaddaci ba, ga Islamiyyun dare na magidanta da na matan aure. Na wanda ke wata ƙasa cikin waɗanda ba Musulmi ba daban ne, shi ma zai iya biyawa ta kiran waya. Mu abin da ke hana mu kunya ce. Mutum da gemunsa da 'ya'yansa ba ya so ya durƙusa a ce masa sake. Ni ma ita ta riƙe ni shekara uku, na lulluɓe ta da sunan rashin lokaci.

Don haka ƙanena, fara haddarka gobe da Asuba, kada ka jira komai. Amma kafin Juma'a ka nemo wanda zai riƙa sauraronka, ko sau ɗaya a mako, kuma kada ka ƙara sabon shafi a kan wanda ba a ji ba.

Ni yanzu Alhamis da Lahadi nake zuwa wurin Alaramma, mun koma tun daga Fatiha, muna cikin Nisa'i. Ranar da ya je cin kasuwa, yaron nan na sahu na biyu yake bar wa ni, ashe jikansa ne. Yakan riƙe mus'hafin a rufe a kan cinyarsa, in na yi tuntuɓe sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a ɗan koma baya."