Kukan yaro don kyanwarsa ba sangarta ba ce

A gidajenmu na unguwar Shari'a Mansur a Makka, idan kyanwar yaro ta mutu, abin da yake fara ji shi ne: "Kai, yi mana shiru, dabba ce fa!" Ana ɗaukar hawayensa sangarta ko ƙarancin tawakkali. Ba haka ba ne.

A Madina, Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba, ya tambaye shi cikin lallashi: "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun ya yi?" Wannan tambayar tana cikin Bukhari da Muslim.

Abin da ya fi damuna shi ne idan kyanwar yaro ta mutu a ce masa "ta gudu". Sai yaro ya yi ta leƙen ƙarƙashin motoci, yana ajiye mata ragowar kaza a bakin ƙofa. Galibin yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba su gane cewa mutuwa ba dawowa, shi ya sa suke maimaita tambaya. A daure a sake amsawa. A gaya masa ta mutu, a bar shi ya taya binne ta. Kada a kawo wata sai ya nema da bakinsa.