Tafkin Damagaram yana jiran hadari, teku kuwa wata yake jira

A ƙarshen Satumbar bara na aika wa kawuna da ke Birni, a Damagaram, hoton igiyar ruwa tana dukan katangar bakin teku a nan Saint-Malo, arewa maso yammacin Faransa, har feshinta yana zuba a kan titi. Da ya kira ni, abin da ya fara faɗi shi ne: "Ɗana, ashe ku ma damina ta yi muku albarka bana." Na ce, "Kawu, ai makon nan ko yayyafi ba a yi ba."

Tunaninsa shi ne na duk wanda ya tashi a garinmu, kuma da shi na iso nan: ruwa ba ya ƙaruwa sai sama ta zubar. Tafkunanmu suna cika a Agusta, masu bulo suna kwaɓa laka a gefensu, kafin bazara ta yi nisa kuma ƙasansu ya tsattsage. Teku ba haka yake ba, domin sau biyu yake cikowa ya janye cikin awa 24 da minti 50, kuma abin da ke jan sa shi ne wata, rana tana taimaka masa da abin da bai kai rabin ƙarfinsa ba. Idan wata ya tsaya, ko ya cika a daren sha huɗu, shi da rana da duniya suna kan layi guda, sai jansu ya haɗu, ruwa ya yi babbar cikowa bayan kwana ɗaya ko biyu. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, cikowar ba ta da ƙarfi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne su kansu manyan cikowar ba ɗaya suke ba a tsawon shekara. Sun fi girma a wajen 20 ga Maris da 22 ga Satumba, lokacin da dare da yini suke daidaita, saboda a kwanakin nan rana tana saitin layin da ya raba duniya gida biyu, kuma sabon wata ko cikakke ba ya nisa da wannan layi, sai jan nasu ya fi tasiri. A Yuni da Disamba rana ta karkata arewa ko kudu, cikowar sai ta ragu. Cikowar Satumba takan zo daidai da lokacin da gero ya nuna a wajenmu kuma tafkuna suke maƙil, shi ya sa kawuna ya haɗa ta da damina. Amma ta Maris tana zuwa ne a lokacin da mata da yara a Damagaram suke jera jarkoki a bakin famfo, kuma ita ce shaidar cewa ruwan sama ba shi ne dalili ba.

Nisan wata ma yana canzawa, daga wajen kilomita 363,000 zuwa 405,000. Ranar 21 ga Maris 2015, kwana ɗaya bayan husufin rana, wata yana kusa, dare da yini sun daidaita, sai ma'aunin cikowa na Faransawa, wanda ya fara daga 20 ya tsaya a 120, ya kai 119. A Mont-Saint-Michel, wani ɗan tsibiri da ba shi da nisa da Saint-Malo, tazarar da ke tsakanin janyewa da cikowa ta kai wajen mita 14. A Kwatano da Lome, inda ƴan kasuwarmu suka fi zuwa, ba ta kai mita 2, domin zurfin teku da fasalin gaɓa suna da nasu hannu. Iska kuma takan ƙara a kan lissafin wata: a daren 27 zuwa 28 ga Fabrairun 2010 guguwar Xynthia ta haɗu da babbar cikowa, mutum 29 suka rasu a La Faute-sur-Mer kaɗai, wani ƙaramin gari a gaɓar yammacin Faransa.

Ra'ayina shi ne bai kamata a ce wannan ilimi bai shafe mu ba don Nijar ba ta da teku. Maƙwabtana a nan sai sun buɗe ɗan littafin jadawalin cikowar teku kafin su san halin wata, alhali a gidanmu tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkwal ba tana faɗin kwanan wata da kallo ɗaya, manomi kuma ya san inda rana take ɓullowa a damina da inda take komawa da ɗari. Lissafi biyun nan, na wata da na rana, su ne ginshiƙin al'amarin, kuma da malamai za su faro darasin daga nan, cikin Hausa, da yaro ya gane shi tun bai ga teku ba.

Da na yi wa kawuna wannan bayani, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in sake aiko masa da hoto a Maris, shi kuma zai fita ƙofar gida ya duba watan da kansa.